Darasi Na Goma Sha Huɗu: Abokin Tafiya

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ka iya:
1. bayyana shirin da ɗalibi yake yi kafin ya ƙetare iyakar ƙasa;
2. yin gaisuwa da ciniki da tambaya da neman gafara cikin Hausa;
3. bambanta jinsin namiji da na mace a cikin jimla;
4. faɗin haƙƙin da abokin tafiya yake da shi a kanka.

Gabatarwa

Ya kai ɗalibi, Hausawa suna cewa tafiya mabuɗin ilimi. Wanda ya fita daga garinsu yakan ga abubuwan da malami bai rubuta masa a allo ba. Yakan ga sababbin garuruwa, ya ci baƙon abinci, ya ji harsunan da bai taɓa ji ba. Amma babban ilimin da tafiya take koyarwa shi ne sanin halin mutane, har da halin kai. Kana iya zama aji ɗaya da mutum shekara uku ba ka san shi ba. In kuka shiga mota ɗaya, yunwa da gajiya da tsoro sukan bayyana halinku cikin kwana biyu.

A wannan darasi, ka ɗauka makarantarku ta shirya ziyarar kwana biyar daga Legas zuwa ƙasar Ghana a lokacin dogon hutu, kuma kana cikin ɗalibai ashirin da aka zaɓa. Garuruwan da za ka karanta da tarihinsu na gaskiya ne. Abubuwan da za su same ka a hanya kuwa misali ne, domin ka tambayi kanka abin da za ka yi in sun faru. An yi magana da kai a matsayin namiji. In ke mace ce, akwai aikin da yake jiranki a sashen nahawu.

Kafin tashi

Nijeriya da Jamhuriyar Benin da Togo da Ghana duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Bisa yarjejeniyar da ƙasashen ƙungiyar suka sa wa hannu a 1979, ɗan wata ƙasa yana iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Duk da haka, sai ka riƙe fasfo, da katin shaidar allurar rigakafin cutar shawara, da takardar izinin iyayenka.

Ana gobe za ku tashi, sai Malam ya tara ku ya raba ku biyu-biyu. Bai bar kowa ya zaɓi wanda yake so ba. Ya haɗa ka da wani yaro dogo, siriri, mai tabarau, wanda ba ya yawan magana. Ba yarenku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba, kuma ba ku taɓa yin hirar minti biyar ba. Ranka bai so ba, amma ka yi shiru.

Malam ya kafa muku dokoki uku. Ta farko, kada kowa ya motsa ba tare da abokin tafiyarsa ba. Ta biyu, kowane mutum biyu su riƙe takarda ɗaya mai ɗauke da lambar wayar Malam da adireshin masauki. Ta uku, duk wanda ya ɓata ya tsaya a inda yake, kada ya yi ta yawo. Sa'an nan ya ce, “Abokin tafiya amana ne. Wanda na ba ka a Legas, shi za ka dawo mini da shi.”

Rana ta farko: iyaka uku

Da asuba motarku ta bar Legas, kuka wuce Badagiri, kuka isa Seme, inda iyakar Nijeriya da Benin take. Aka ce kowa ya sauka da takardunsa. Ka miƙa fasfonka, sai jami'in ya nemi katin rigakafi. Ka laluba aljihu, babu. Ka zazzage jaka, babu. Sauran ɗalibai suka gama, suka koma mota, wasu har sun fara gunaguni. Zufa ta karyo maka, domin ka san in babu katin tafiyarka tana iya ƙarewa a nan.

Abokinka bai koma mota ba, ko da yake an riga an buga masa hatimi. Ya tsaya kusa da kai, ya ce a hankali, “Jiya na ga ka sa wata takarda mai ruwan ɗorawa a cikin littafin Hausa.” Ka buɗe littafin, sai ga katin. Tun daga nan ka gane cewa mai shiru yakan ga abin da mai surutu bai gani ba.

A Kwatano, babban birnin kasuwanci na Benin, ka ga 'yan acaɓa birjik, kowa da riga ruwan ɗorawa. Allunan kan hanya duk da Faransanci aka rubuta su, kuɗin ƙasar kuma sefa ne. Kuka bi gaɓar teku kuka shiga Togo. A nan Malam ya ce kowa ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya, domin Nijeriya da Benin suna gaban Togo da Ghana da awa guda. Ƙarfe uku na yamma ta koma ƙarfe biyu, ɗalibai suka yi ta dariya wai an yi musu kyautar awa.

Togo ba ta da faɗi ta bakin teku, tsakanin iyakarta ta gabas da ta yamma bai kai kilomita 60 ba. Babban birninta Lome yana manne da iyakar Ghana. Kuna fita daga Lome sai ga Aflao, garin farko na Ghana. Turanci ya dawo kan alluna, kuɗi kuma ya zama sidi. Kai da abokinka kuka canja nairarku, kuka yanke shawarar haɗa kuɗin abincinku wuri ɗaya, kai ne ma'aji. Ba ku isa Accra ba, wadda Hausawa suke kira Ankara, sai da dare ya yi.

Rana ta biyu: koko a zango

Da safe Malam ya kai ku Nima, wata unguwa mai cunkoso a Accra. Kana sauka daga mota ka ji wani yana cewa, “Ina kwana?” Ka waiwaya da mamaki. Harshen da kake koyo a aji, ga shi ana ciniki da shi a kan titi, bayan ka ƙetare iyaka uku. Kuka hangi wata dattijuwa mai sayar da koko, sai abokinka ya zungure ka, ya ce ka gwada Hausarka.

Kai: Sannu da aiki, Mama. Ina kwana?
Mai koko: Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya?
Kai: Ba gajiya.
Mai koko: Wannan Hausar taka ta Nijeriya ce. Daga Kano kuke?
Kai: A'a, daga Legas muke. Ni ba Bahaushe ba ne, a makaranta nake koyo.
Mai koko: Madalla! Ka yi ƙoƙari. Me za a ba ku?
Kai: Koko na mutum biyu, da ƙosai. Nawa ne?
Mai koko: Sidi ashirin ne duka. Ga gyara kuma, tun da ku baƙi ne.
Kai: Mun gode, Mama. Allah ya kawo kasuwa.
Mai koko: Amin, ɗana. Ku riƙe juna da kyau.

Yaya aka yi Hausa ta zo nan? Amsar ita ce goro. Shekaru aru-aru fataken Hausawa suna tasowa daga Kano da Katsina da ayarin jakuna, su yi tafiyar watanni zuwa ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Sukan kawo kanwa da tufafi da kayan fata, su sayi goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Babbar kasuwar wannan ciniki ita ce Salaga. Wurin da ayari yake sauka ya huta shi ake kira zango. Sannu a hankali wasu fatake suka zauna, suka yi aure, zango ya zama unguwa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, mutane da yawa suka watse zuwa wasu garuruwa. Cikinsu akwai shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. A yau mazauna zango ƙabilu ne iri-iri, amma Hausa ce take haɗa su.

Har a abinci za ka ga sawun Hausa. Mutanen Ghana suna kiran kokon gero mai citta da kanumfari “Hausa koko”, ƙosai kuma “koose”. Abincin nan da suke ji da shi, “waakye”, shinkafa da wake ne da ake dafawa da karan dafi har su yi ja, kuma sunan daga kalmar wake ya samo asali.

Da rana kuka ziyarci wurin da aka binne Kwame Nkrumah, wanda ya jagoranci Ghana ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957. A hanyar komawa masauki ka lura abokinka ya iya karanta taswira, kai kuma ka fi shi sakin baki da mutane. Kuka raba aiki: shi ya nemo hanya, kai ka yi tambaya. Daren nan kun yi hira har barci ya sace ku.

Rana ta uku: dariyar da ta ɓata zumunci

Kuka yi yamma, wajen kilomita 150, zuwa yankin Cape Coast. Da farko kuka shiga katafaren ginin Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a bakin teku a 1482. Mai yi muku jagora ya nuna muku ɗakuna masu duhu inda ake tsare bayi, da ƙaramar ƙofar da ake fitar da su zuwa jiragen ruwa, wadda duk wanda ya bi ta ba ya dawowa. Surutu ya ɗauke, kowa ya fito jikinsa a sanyaye.

Da yamma aka kai ku gandun dajin Kakum. A can akwai gadoji bakwai na igiya da katako, an ɗaure su daga wata doguwar bishiya zuwa wata. Tsawonsu duka ya kai kimanin mita 350, kuma a wasu wuraren tsakaninka da ƙasa ya fi mita 30. Faɗin katakon bai wuce na mutum ɗaya ba, kuma gadar tana lilo in an taka ta.

Kai ka ji daɗi, ka yi gaba abinka. Da ka waiwayo, sai ka ga abokinka ya ƙame a tsakiyar gada ta biyu. Ya ƙanƙame igiya, ya rufe ido, ƙafafunsa suna rawa. Ashe yana tsoron bisa, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Waɗansu ɗalibai suka fashe da dariya. Kai ma ka yi dariya, har ka ciro waya ka ɗauke shi hoto. Wata malama ce ta matso bayansa, ta yi ta lallashinsa taki ɗai-ɗai har ya sauka.

A mota aka yi ta karɓar wayarka ana kallon hoton. Abokinka bai ce uffan ba, ya juya fuskarsa wajen taga. Da dare ka miƙa masa rabonsa na abinci, ya ce ya ƙoshi. Zuciyarka ta gaya maka ka yi laifi, ta tuna maka wanda ya tsaya tare da kai a Seme. Amma girman kai ya ce maka, ai wasa ne. Kuka kwanta ba sallama.

Rana ta huɗu: kasuwar Kumasi

Kuka yi arewa zuwa Kumasi, babban birnin Asante. Bayan kun ziyarci fadar Manhyia, inda sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu yake zaune, sai aka kai ku Kejetia, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Malam ya ba ku minti arba'in ku sayi tsaraba, ya nuna ƙofar da za a haɗu.

Tun da ba kwa magana, kai kana gaba, abokinka yana biye daga nesa. Ka tsaya kallon tufafin kente, ka bi wani lungu, ka sake bin wani. Can ka waiwaya, ba ka gan shi ba. Ka kira sunansa, hayaniyar kasuwa ta haɗiye muryarka. Sai ka tuna kuɗinku duka suna aljihunka, takardar da take da lambar Malam ma tana wurinka, kuma daga kai har shi babu mai layin waya na Ghana. Abokinka yana cikin dubban mutane, ba kuɗi, ba adireshi.

Hanya biyu ce a gabanka. Kana iya komawa ƙofa ka ce shi ne ya yi gaban kansa, kuma wataƙila a yarda. Kana kuma iya neman taimako, ka faɗi gaskiya. Kana cikin wannan tunani sai ka hangi wani tsoho da hula da farin gemu, yana yayyafa wa goronsa ruwa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Kai: Salamu alaikum, Baba. Don Allah ina neman taimako.
Mai goro: Wa alaikumus salam, samari. Lafiya kuwa?
Kai: Abokina ne ya ɓace mini. Mu baƙi ne, ɗalibai daga Nijeriya.
Mai goro: Kwantar da hankalinka. Yaya kamanninsa?
Kai: Dogo ne, siriri, yana da tabarau. Rigarsa shuɗiya ce irin tawa.
Mai goro: A ina ka gan shi na ƙarshe?
Kai: A layin masu sayar da takalma.
Mai goro: Kuna da babba a tare da ku?
Kai: Muna da shi, Baba. Ga lambarsa.
Mai goro: To, ga wayata, fara sanar da shi. Yarona zai raka ka, ya san kasuwar nan lungu-lungu.

Ka kira Malam, muryarka tana rawa, ka ce, “Malam, laifina ne, ni na bar shi a baya.” Malam ya ce ka bi yaron, shi ma ga shi nan zuwa. Yaron ya shige gaba, yana tambayar masu shaguna, wani da Hausa, wani da harshen Twi. Kuna shiga layin 'yan takalma sai ka hangi shuɗiyar riga. Abokinka yana tsaye daidai wurin da kuka rabu. Ya bi doka ta uku, bai gusa ba ko taki ɗaya.

Kai: Abokina, na yi maka laifi biyu. Jiya na yi maka dariya, yau kuma na tafi na bar ka. Don Allah ka yafe mini.
Abokinka: Na san za ka dawo, shi ya sa ban motsa ba. Amma abin jiya ya yi mini zafi.
Kai: Gaskiyarka ce. Ga wayar, ka goge hoton da hannunka.
Abokinka: Shi ke nan, ya wuce. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Da Malam ya iso ya yi maka faɗa, ka sunkuyar da kai ka saurara. Sa'an nan ku uku kuka koma wurin mai goro don godiya. Malam ya so ya ba shi wani abu, tsohon ya ƙi karɓa. Ya ce kakansa ma da ayari ya zo ƙasar nan, kuma wasu ne suka nuna masa hanya. Ya ba kowannenku goro ɗai-ɗai, ya ce, “Baƙo ko da ido makaho ne. A gaida mutanen gida.”

Rana ta biyar: komawa gida

Tun kafin gari ya waye kuka kama hanya. A Aflao abokinka ya duba jakarka ya tabbatar katin rigakafinka yana cikin fasfo. Kuna shiga Benin aka ce a mayar da awar da aka ara, kowa ya tura agogonsa gaba. Da kuka lissafa sauran kuɗinku, kuka raba daidai. A Legas, kafin ku rabu, ya ce ranar Asabar zai kawo maka ziyara ya gaida iyayenka, domin zumunta a ƙafa take.

Abin lura

Ka duba abubuwan da suka gina wannan abota: jira a bakin iyaka, haɗa kuɗin abinci, raba aiki, faɗin gaskiya, neman gafara. Dukansu ƙanana ne, kuma kowace rana tana zuwa da nata. Ka duba kuma abin da ya kusa rushe ta: dariyar minti ɗaya da shirun kwana ɗaya. Haƙƙin abokin tafiya a kanka shi ne ka jira shi, ka rufa masa asiri, kada ka ci amanar kuɗinsa, kuma ka neme shi in ya ɓata. Ka lura da cewa gaisuwa ce ta buɗe maka ƙofa wurin mai koko da wurin mai goro. Saboda haka, duk inda ka je, ka fara da gaisuwa kafin ka faɗi buƙatarka.

Muhimman kalmomi

amana: abin da aka danƙa maka domin ka kiyaye shi
ayari: taron matafiya masu tafiya tare da kayansu
birjik: da yawa ƙwarai, ko'ina
falke, jam'i fatake: ɗan kasuwa mai tafiya ƙasa mai nisa
gyara: ɗan ƙarin da mai sayarwa yake yi wa mai saye kyauta
iyaka: inda wata ƙasa ta ƙare, wata ta fara
ƙame: tsayawa cik, ba motsi
ma'aji: wanda ake ba ajiyar kuɗi
masauki: wurin da baƙo yake kwana
tsaraba: kyautar da matafiyi yake kawo wa mutanen gida
zango: wurin da ayari yake hutawa, ko unguwar baƙi a garuruwan Ghana

Nahawu: jinsi

A daidaitacciyar Hausa kowane suna tilo namiji ne ko mace. Yawancin sunayen da suke ƙarewa da wasalin a mata ne, kamar mota, kasuwa, gada. Akwai waɗanda suka saɓa, kamar gida, ruwa, nama, waɗanda maza ne. Sunayen garuruwa da na ƙasashe mata ne. Jinsi yana bayyana a wurare kamar haka:

1. Wakilin suna. Malam ya zo. Malama ta zo. Kai ka gaji. Ke kin gaji.
2. Ne da ce. Wannan fasfo ne. Wannan taswira ce.
3. Harafin mallaka, wato n da r. Littafin Malam. Motar makaranta.
4. Sifa. Dogon yaro. Doguwar yarinya. Shuɗin wando. Shuɗiyar riga.

A zangunan Ghana za ka ji mutane da yawa ba sa bambanta jinsi. Wani yakan ce “mace ya zo”. Haka kuma wasu ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d. Wannan karin harshensu ne, kada ka yi musu dariya, kuma kada ka ce za ka gyara wa dattijo magana. Amma a rubutunka da jarrabawarka, daidaitacciyar Hausa ake so. Maganganun da ka karanta a wannan darasi an rubuta su ne da ita.

Tambayoyi

A. Amsa da cikakkiyar jimla.
1. Waɗanne takardu uku ɗalibi yake buƙata a wannan tafiya?
2. Me ya sa aka mayar da agogo baya a Togo?
3. Wane ciniki ne ya kawo Hausawa ƙasar Gwanja?
4. Me ya sa abokinka ya ƙi cin abinci a rana ta uku?
5. Wace doka ce ta sa aka sami abokinka da wuri?
6. Don me mai goro ya ƙi karɓar kuɗi?

B. Cike gurbi da ne ko ce.
1. Kumasi babban birni ___.
2. Kejetia kasuwa ___.
3. Sidi kuɗin Ghana ___.
4. Mai kokon dattijuwa ___.

C. Bayyana ma'anar waɗannan karin magana, ka kawo misali daga labarin.
1. Matambayi ba ya ɓata.
2. Baƙo ko da ido makaho ne.
3. Zumunta a ƙafa take.

D. Tattaunawa a aji.
Da kai ne a kan gadar Kakum lokacin da ake dariya, me ya kamata ka yi? Da kai ne aka ɗauka hoto, za ka yafe? Kawo dalilanka.

Aikin gida

1. Sake rubuta sashen “Rana ta uku” kamar da mace ake magana, abokiyar tafiyarta kuma mace ce. Fara da haka: “Ke kin ji daɗi, kika yi gaba abinki. Da kika waiwayo, sai kika ga ƙawarki…”
2. Kai da wani ɗan ajinku ku haddace hirar mai goro, ku gabatar da ita a gaban aji.
3. Je wurin wani Bahaushe mai sana'a a garinku, ka gaishe shi da Hausa, ka tambaye shi garin da ya fito da yadda tafiyarsa ta farko ta kasance. Rubuta abin da ya faɗa maka cikin jimla goma.